Muryar Babur ɗin Malam Nomau

Ku samarin da kuke tsayawa a bakin rumfata kuna kallon salansa a rataye, ina jin abin da kuke faɗa, don kunnena bai mutu ba tukuna. Wai mene ne abin wahala a ciki, ba bututu ne kawai da hayaƙi ke bi ya fita ba? Rannan wani ya miƙo mini waya har hanci, wai in ga yadda wani Bature ya canja salansar babur a minti huɗu. Na ce masa madalla, amma Baturen nan in ya gama ba ƙauyen Yasore zai nufa da babur ɗin ba. Sunana Lawal, sai dai a Batsari in ba ka ce Lawai Salansa ba babu wanda zai nuna maka wurina, kuma na haura shekara talatin ina shaƙar wannan hayaƙin. Bari in ba ku labarin aiki ɗaya, in na gama sai ku faɗa mini ko bututu ne kawai.

A Safana na koyi sana'a, wajen Baba Ila mai walda. Shekarata ta farko ko bakin wuta ban taɓa ba. Aikina ɗebo ruwan da ake zuba wa tukunyar kabaid, wato duwatsun nan masu wari da ke ba da iskar walda, sai kankare baƙi daga cikin tsofaffin salansa, har in koma gida uwata ta tambaye ni ko a murhu na wuni. Kayan aikin Baba Ila ba su da yawa: guduma uku, zarto, kurfi na huda ƙarfe, da jerin sifana da ya samo tun yana aiki da masu gina hanya. Sifanar nan ƙarfen da ce, in ɗaya ta faɗi ƙasa sai ta yi ƙara kamar ƙararrawar makaranta. Kullum da yamma sai ya jera su a kan tsumma ya duba su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba 'ya'yansa. Dukan ƙarfe ya riga ya cinye masa kunne, saboda haka da tafin hannu yake sauraron salansa. A tayar da babur, ya kara hannu a bakinta, ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Tsallaken hanya kuma akwai Tanko mai faci, amininsa kuma abokin cin gyaɗarsa, mutumin da ke jin fitar iska daga taya ana tsakiyar hayaniyar kasuwa.

Wata rana Baba Ila ya tafi jana'iza a garin Babban Duhu, sai ga Malam Nomau, malamin dabbobi mai yi wa shanu allura, da ɗan jan babur ɗinsa yana ƙara kamar injin niƙa. Hanjin salansarsa ne ya tsinke. Hanji shi ne bututun nan mai huji-huji da ke cikin ganga, shi ke kashe ƙara. Aiki ne da aka hana ni taɓawa, amma ƙuruciya dangin hauka. Na yanka gangar da zarto, na ɗaga hanjin, na rasa abin da zan tokare shi da shi kafin in ɗiga walda, sai na ɗauki sifana lamba goma na tokare. Waldar ta yi kyau, har yau ina faɗa. Don murna na mayar da marfi na liƙe ko'ina ruf. Malam Nomau ya buga babur, ƙarar niƙa ta tafi, sai wata sabuwa ta maye gurbinta: ƙyal-ƙyal-ƙyal. Nan take na san abin da ke rawa a ciki.

"Mi ne ne wanga kuma?" in ji Malam Nomau.

"Sabon aiki ne, Malam," na ce masa. "In ya ji hanya zai zauna."

Da yamma Baba Ila ya shimfiɗa tsumma, ya ga giɓi tsakanin lamba takwas da lamba sha biyu. Rashin sa'a, da safen ranar Tanko ya ari lamba goma ya dawo da ita, a hannuna ma ya ba ni. Baba Ila ya tsallaka hanya ya yi masa tas a gaban jama'a. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina ta kankare baƙi kamar ba a duniya nake ba. Daga ranar cin gyaɗa ya ƙare. In sun haɗu a masallaci sai sallama kawai, ita ma don addini ya wajabta.

Ƙarar kuwa ba ta zauna ba. Na sami 'yancin kaina na dawo Batsari na kafa rumfa, shi ma Malam Nomau aka yi masa canjin aiki zuwa nan, kamar an turo shi ya riƙa tuna mini. Shekara ashirin da shida ina yi wa salansar nan faci, sama da ƙasa, har facin ya fi asalin ƙarfen yawa, amma ban taɓa yarda na buɗe ta ba. Duk lokacin da ya ce in duba abin da ke kuka a ciki, sai in ce injin ne haka Allah ya yi shi. Da ya gaji sai ya daina tambaya.

Sai shekarun wahala suka zo. Ba sai na ba ku labarinsu ba, a cikinsu kuka girma. Mai ya yi tsada, gonakin nesa suka gagari masu su, ɓarayin daji suka mayar da babur abin tsoro. Aikin salansa ya ja baya, na koma yin murhun gawayi da ƙofofin ƙarfe, don a lokacin kowa ƙofar ƙarfe yake nema. A ƙauyuka kuwa mutane suka koyi wani ilimi da babu makarantarsa. Kowane babur na gida an san muryarsa tun yana bayan rafi: wannan na mai shayi ne, wancan na ɗan liman. In aka ji baƙuwar murya ba a tsayawa tambaya, sai kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. A Unguwar Marke, wata 'yar unguwa bayan Yasore inda mahaifiyar Malam Nomau take, babu muryar da aka sani kamar tasa. Duk mako yake kai mata maganin hawan jini da ɗan cefane. Da an ji ƙyal-ƙyal daga nesa, ko kaza ba ta ɗaga kai.

Ana cikin haka Malam Nomau ya yi ritaya aka ba shi kuɗin sallama. Wani zai sayi shanu, shi kuwa ya ce ya gaji da ganin bayan saniya. Ya tafi ya dawo da wani dogon baƙin babur ɗan Kwatano, wato na hannu da aka shigo da shi ta teku, irin wanda mutum ke zama a kai kamar a kujerar falo, ƙafafu a gaba, hannuwa a sama, inji mai kai biyu. Ɗan jan nan kuwa ya sayar wa 'yan gwangwan a ranar, suka sassare shi suka loda a mota. Da na ji labari wallahi sai da na yi ajiyar zuciya, na ce yau sirrina ya tafi Kano a narke. Sabon babur ɗin lafiyarsa ƙalau, sai dai salansarsa biyu duk ruwan teku ya cinye su, in ka danna da yatsa sai ya shige. Wani mai kayan babur a Katsina ya aiko masa da iri uku ya zaɓa, ya kwaso su ya zube a gabana.

To, a nan ne aikin yake, ku masu cewa bututu. Kafin ka kalli ƙyalli sai ka auna wuya, wato inda bututu ke haɗuwa da inji. In ya fi ƙarfin injin faɗi, babur zai yi ta ihu amma in ya shiga yashi ba zai ja ba. Sai ka duba inda za ta rataya, domin irin wannan babur ƙasa-ƙasa yake, salansa mai dogon jela ba za ta tsallake rafi sau uku ba sai ta bar rabinta a can. Ka ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa. In ta amsa kamar gwangwanin madara, damina ɗaya ƙyallin zai saɓule. Ka tambayi kanka wace riga mai babur ke sawa, don na ga babbar riga ta sallah ta ƙone har gwiwa saboda babu marfin zafi. In ka ɗaura kuma ba ka gama ba, sai ka sake saita kabireta, a zagaya da babur, ka cire fulogi ka duba launinsa. In ya yi fari inji na jin ƙishirwa, in ya yi baƙi ya ƙoshi har ya yi yawa. Duk wannan na sani, na kuma yi wa Malam Nomau bayani dalla-dalla. Abin da ya kamata in tambaya, wato wa zai ji babur ɗin, shi ne ban tambaya ba.

Ya zaɓi wasu tagwaye masu ƙyalli, bakinsu a buɗe, babu hanji ko na magani. Na ce masa za su yi ƙara. Ya ce, "Yo ai ita nike so, Lawai. Shekara ashirin da shida ina bin shanu a kan abin da ke kuka kamar an ɗaura ma akuya gwangwani. Bari a san mutum ya huta." Mai abu da abinsa, na ɗaura masa. Da ya buga, tantabarun maƙwabcina suka tashi ba su dawo ba sai washegari.

Ranar da ya fara zuwa Unguwar Marke da su, da hantsi ne. Inji mai kai biyu da buɗaɗɗen baki, in yana tahowa ta cikin kwari, mai saurare zai rantse babur biyar ne. Kafin ya iso gari ya watse. Ya tarar da tukunya na tafasa babu mai ita, taɓarya a cikin turmi, takalmi ɗaya a bakin rijiya. Shi ma fa ɗan ƙasar nan ne, ya san abin da garin da babu kowa ke nufi. Sai ya ce lalle mutanen daji na kusa, ya hango ƙurar masu gudu wajen gonakin dawa, ya murɗa mai ya bi su don ya tsira tare da su. Su kuma da suka ji ƙarar na bin su sai suka ƙara wuta. Haka malamin dabbobi mai furfura ya kori garinsu kaf har bakin dutse, yana ihu su jira shi, babu mai jin muryarsa saboda salansar da na ɗaura masa. Mahaifiyarsa, Inna Tabawa, tsohuwa ce da ido ya yi wa rauni, ƙafa ma sai a hankali. Wani maƙwabci ne ya goya ta, da gudu ya yi gudu ya yi tuntuɓe, suka zube tare a cikin kwazazzabo.

Washegari ya dawo mini yana dariya har da hawaye, ya ce a cire, a sa masa nau'i na biyu. Waɗannan masu nauyi ne, cike da hanji da auduga, in babur na tafiya sai ka ji kamar mage na minshari. Na ɗaura, na sake saiti, na ce yanzu kam an gama. Mako na zagayowa ya shiga unguwar shiru, babu wanda ya ji zuwansa, sai mata masu daka suka juya suka ga ƙaton baƙin abu tsaye a bayansu da mutum a kai sanye da hular kwano. Wata ba ta tsaya ihu ba, ta sauke masa taɓarya a kafaɗa. 'Yan sa-kai suka fito, da ƙyar ya samu ya cire hular aka gane shi. Mai unguwa ya ja shi gefe ya ce masa, "Malam, ai wanga ya fi wancan muni. Ɓarawo kaɗai ke rufe ma babur baki."

Har nan abin dariya ne, ni ma na yi ta, kasuwar Batsari ma ta yi. Amma zuwansa na uku rumfata bai yi dariya ba. Ya zauna a benci ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Lawai, Inna ta yi rantsuwa," ya ce. "Ta ce tunda har ta gudu daga ɗan da ta haifa, ta gama gudu. Yanzu duk babur ɗin da aka ji ba a san shi ba, sai ta ce Auta ne, ta zauna bakin ƙofa tana jira."

Auta shi ne, shi da ya ba shekara sittin baya.

"Shekaranjiya an ji wasu da rana tsaka," ya ci gaba. "Kowa ya tahi, an yi an yi da ita ta ƙi. Ta riƙe ƙyaure ta ce Auta ne ya kawo magani. Allah ya sa ta wata hanya suka bi. Mai unguwa ya ce in dai ba tsohuwar murya ta dawo ba, wata rana za ta zauna jiran waɗanda ba ni ba."

Na ce a nemo tsohuwar salansar. Ya ce ya je wajen 'yan gwangwan, motar ta tafi tuni. Ya ce ya tambayi makanikai uku abin da ke sa inji irin wannan kukan, kowa ya ce bai taɓa ji ba. "Kai ka ce haka Allah ya yi injin," in ji shi. "To yanzu ya za a yi?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar na ga ƙarshen nawa. Na kalli ƙasa na ce, "Malam, ba Allah ya yi ba. Wato Allah ya yi, amma da hannuna." Na kwashe labari tun daga jana'izar Babban Duhu na faɗa masa. Sai ya ce, "Ashe shekara ashirin da shida kayan sata nike yawo da su." Sannan ya ce in tashi in fara.

Na ɗauki nau'i na uku, wadda bututu biyu ke haɗuwa su shiga ganga ɗaya. Ita ta fi dacewa da shi tun farko, don tana haɗe bugun kai biyu ya fito kamar na babur ɗaya, kuma tana sama da ƙasa sosai. Na yanka gangar na jefa sifana lamba goma ta rumfata. Sai ta yi kwas-kwas kamar cokali a kwanon roba. Na gwada ta maƙwabci, na sayo sabuwa, duk ɗaya. Ƙarfen yanzu ba shi da murya. Irin wancan ƙarfen wuri ɗaya na san yana nan, a kan tsumman Baba Ila.

Na hau mota zuwa Safana, ina addu'ar in same shi shi kaɗai. Na same shi zaune a gaban tsohuwar rumfarsa, ya daina aiki amma bai daina zuwa ba. Tsallaken hanya ga Tanko da bahon ruwansa, ya tsufa ya rankwafa, yana juya tayar keke. Na durƙusa na gai da Baba Ila, muka yi ta gaisuwa har gida da iyali da gajiya. Sannan na matsa kusa da kunnensa na ce a hankali, "Baba, lamba goma ɗin nan, ni ne."

"Ɗaga murya."

Na ɗaga kaɗan.

"Kai yaro, ba ka ci abinci ba? Ɗaga murya!"

Yaron nan da yake kira fa, wato ni, a lokacin yana da jika biyu. Na waiga, na ga mai shayi ya daina zuba, masu cajin waya sun leƙo. Na tuna tsohuwar da ke zaune a bakin ƙofa, na rufe ido na kwarara iya ƙarfina: "Baba, sifanarka lamba goma ni na liƙe ta a cikin salansar Malam Nomau! Baba Tanko bai ɗauka ba!" Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Tanko ya ajiye taya, ya tsallako a hankali yana share hannu a riga. "Tun ta farko na ji ka," ya ce mini. "So nike kowa shi ji." Sai ya juya wajen jama'a. "Aradu shekara da shekaru ina jin sifanar nan tana wucewa ta gabana. Na gaya ma wanga kurman tun makon farko, ya ce na yi sata kuma ina ma yaro sharri."

Baba Ila ya miƙe. Ya shiga ciki ya fito da tsumman ya shimfiɗa. Giɓin na nan tsakanin takwas da sha biyu, bai taɓa cike shi da wata ba. Na yi masa bayanin Inna Tabawa, shi ma da ihu. Ya ɗauki lamba sha biyu ya miƙo mini. "In ka ɓatar da wagga ka faɗi da wuri," ya ce. "Ba ni da wata shekara ashirin ta jira." Sannan ya kalli gefe, kamar da iska yake magana, ya ce, "Tanko, halan akwai gyaɗa?"

Lamba sha biyu ta fi goma nauyi, muryarta ta fi kauri, dole sai an rage ta. Amma wa zai ce ta yi daidai? Malam Nomau ba zai iya ba, don wanda ke kan babur daban yake ji da wanda ke nesa. Ni kuwa shekara ashirin da shida ina ƙoƙarin kada in ji ta. Sai na koma na roƙi Tanko. Ya ce zai zo, amma sai na tanadi kujera mai jingina da fura mai sanyi, kuma duk wanda ya tambaya in gaya masa da bakina abin da ya kawo shi. Ranar kasuwa ya zaɓa, don masu tambaya su yi yawa.

Muka zaunar da shi a gindin bedi can nesa, ya ba hanya baya ya rufe ido. Ni in goga sifana a dutsen wuta, in sa ta tsakanin faranti biyu a cikin ganga inda za ta sami filin rawa, in ɗiga walda, Malam Nomau ya hau ya wuce. Tanko ya ce, "Ta yi nauyi, rage mata kai." In sake yankawa. Ya ce, "Ɗakin ya yi mata yawa, waccan a matse take." In matsar da faranti. Sau shida na buɗe gangar nan, shi kuwa yana kurɓar fura yana gaya wa masu wucewa cewa ɓarawon da aka yi shekaru ana nema ga shi can yana walda. A na bakwai babur ya wuce, ƙyal-ƙyal-ƙyal a kan wani kauri mai taushi. Tanko ya buɗe ido ya ce, "Ita ce. Liƙe, irin yadda ka iya."

Amma alƙali na gaskiya tana Unguwar Marke. Aka shirya da mai unguwa ya gaya wa kowa cewa ranar Asabar bayan azahar za a ji babur, kada a gudu, kuma kada a gaya wa tsohuwa komai. Ni na riga zuwa, na bi motar hatsi har Yasore, sauran na taka. Na sami Inna Tabawa a bakin ƙofarta tana ɓarar gyaɗa da lalube, 'yar ƙaramar mace, ƙafarta ɗaya har lokacin a ɗaure da tsumma tun faɗuwar kwazazzabo. Na gaishe ta a matsayin baƙon mai unguwa, muka zauna a tabarma kusa da ita. Ban taɓa jin tsoron aikina ba irin na ranar. In ta ce ba shi ba ne, ko ta yi shiru, to ban san abin da ya rage in yi ba.

Can sai ga shi daga bayan rafi, ƙasa-ƙasa tukuna. Mata masu daka suka tsaya da taɓarya a sama, ko da yake an gaya musu. Wani yaro ya kama zanen uwarsa. Tsohuwa ta daina ɓara, ta karkata kai. Babur ya hau tudu, ya saki mai zai gangaro, sifanar Baba Ila ta kama rawa.

"Ga Auta nan," in ji ta. Ta ƙara saurarawa. "Ya yi ƙiba, amma shi ne."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Taɓarya ta koma turmi, kaza ko ɗaga kai ba ta yi ba. Kafin ya ƙaraso ta juyo wajen mai unguwa ta ce, "To, ka gaya ma yaran nan, in aka ji wani ba wanga ba su zo su ɗauke ni. Amma a samo mai ƙafa, kada a sake yada ni a rami." Mai unguwa ya ce an ji, Inna. Na ga ya juya baya yana gyara hula, ya daɗe yana gyara ta.

Sai ta tambayi ko wane ne baƙon da ke ta sauke numfashi a kusa da ita. Mai unguwa ya ce ai mai waldar ne daga Batsari, shi ya dawo da muryar.

"Kai ne ka yi mashi ta farko?" ta ce.

"Ni ne, Inna."

"Tun ran da na fara jin ta na ce wanda ya yi aikin nan bai iya ba." Ta lalubo gyaɗa cike da hannu ta zuba mini a tafi. "Allah shi yi maka albarka, ɗan nan. Kada ka kuskura ka gyara."

Ban gyara ba. Saboda haka in kun ga dogon baƙin babur ya wuce ta gaban rumfar nan yana ƙyal-ƙyal, kada wani mai waya ya zo ya ce mini akwai abin da ya kwance a ciki. Na sani, ni na sa shi, sau biyu.